Ranar da na ce wa Umma wakenta lafiya lau yake

1/
Jama'a ku matso, yau zan ba ku labarin ranar da na yi wa mahaifiyata ƙarya da sakamakon gwaji a hannuna, ni kaina ban san ƙarya nake yi ba. Labarin wake ne da fiya-fiya, da abin da ake yi wa abinci kafin a saka shi a na'urar gwaji. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/
Ummanmu ƙosai da alala take yi na sayarwa. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka biya min makaranta har na gama karatun kimiyyar sinadarai. Yawancin masu saya kuma yaran unguwa ne, da sassafe kafin su wuce makaranta, kowa da 'yan canjinsa a hannu.

3/
Waken daga wajen ƙaninta take karɓa, wato Kawu. Shi yana saye da kaka lokacin da yake araha, ya jibge a sito, sai ya yi tsada ya fito da shi. Yana ba Umma buhu bashi, tana biya a hankali. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba.

4/
Ina bautar ƙasa a wani ɗakin gwaje-gwaje, na je gida hutu, sai ta kira ni: “Kai ɗan boko, zo ka shinshina waken nan. Wani irin wari nake ji in na buɗe buhun. Kuma wata biyar da kaka ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Waken da ƙwaro ya ƙi ci, ni tsoronsa nake.”

5/
Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san ƙwaronsa. Tun daga gona yake biyo shi, tsutsar tana cikin ƙwayar tana ci, cikin 'yan watanni buhu ya koma huji da gari. Shi ya sa wasu masu ajiya suke yayyafa masa fiya-fiya. Sinadarin da ke cikinta sunansa daikulobos, a jikin kwalba za ku ga an rubuta DDVP.

6/
Wannan sinadarin ne ya sa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, a 2016 kuma ta ƙara shekara 3. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya. A wasu kayan da suka gwada sai da aka samu har 4.6. Ku lissafa, ninki 460 ke nan.

7/
Bari ku ga ƙanƙantar 0.01 ɗin nan. A buhu mai kilo 100, miligiram 1 ne kacal. Ƙwayar shinkafa ɗaya ta fi shi nauyi sau da yawa. To shi ake so a kamo a cikin buhun wake mai cike da sitaci da furotin da mai. Ba ka zuba wake a na'ura ta faɗa maka. Sai ka fara zaro sinadarin daga cikin waken.

8/
Ni kuwa lokacin kaina yana hayaƙi, wata huɗu ke nan da fara taɓa na'urar GC-MS. Na ce, “Umma ki kwantar da hankalinki, ai aikina ke nan.” Na sa hannu a bakin buhu na dumbuzo, na ƙulle a farar leda, na jefa a jaka.

9/
Ledar nan ta sha tasha, ta sha zafin mota, ta kwana uku a bakin tagar ɗakina rana tana dukanta. Ran Litinin na nemi izinin oga ya ce ba damuwa. Na niƙa waken har injin ya yi zafi, na bar garin a buɗe na tafi salla da cin abinci. Na dawo na zuba masa sinadarin tatsa, a bushensa, na girgiza, na tace.

10/
Sakamako ya fito: ba a ga komai ba. Wallahi har da murna na kira ta. “Umma wakenki lafiya lau, ki ci gaba da suyarki.” Ta ce, “To alhamdulillahi, Allah Ya yi albarka. Ashe hancina ne.” Ta ci gaba da suya, yara suka ci gaba da saye.

11/
A wajen aikin akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya fi shekara 30 yana aikin, saura kaɗan ya yi ritaya. Ba shi da yawan magana. Bayan kwana tara yana duba littafin na'ura ya ga an rubuta “wake”. Ya ce, “Na waye wannan?” Na ce nawa ne, cikin alfahari.

12/
Ya ce, “Daga ina a buhun ka ɗebo?”
Na ce daga sama.
“A me ka ɗauko?”
A leda.
“Kwana nawa?”
Uku.
“Ka jiƙa garin?”
A'a.
“Ina gwajin shaidarka?”
Shiru.
Ya cire tabarau ya ce, “Ɗan samari, na'ura ba ta yi ƙarya ba. Abin da ka ba ta shi ta gani. Wa ke cin waken?”

13/
Da na ce yara ne, bai ƙara cewa komai ba. Ya ɗauko waken da aka riga aka tabbatar ba shi da magani, ya ɗiga masa DDVP adadin da muka sani, ya miƙo min. Ya ce in yi masa duk abin da na yi wa na Umma, leda, taga, zafin niƙa, komai. Amma kafin nan in fita in kira ta yanzu.

14/
Wannan kiran ya fi kowane kira wuya a rayuwata. “Umma ki dakata da waken nan, na yi kuskure.” Ta yi shiru, sai ta ce, “Kwana tara fa ina ba 'ya'yan mutane.” Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

15/
Bayan kwana uku muka gwada waken Baba. Abin da ya zuba da hannunsa a gabana, ko rabinsa bai dawo ba. A ƙa'idar aikin, in ka zuba abu ka bi da shi ta hanyarka, ana so kashi 70 zuwa 120 cikin 100 ya bayyana. In ya gaza haka, hanyarka tana zubar da kaya, sakamakonka ba abin dogaro ba ne.

16/
Wannan shi ne gwajin shaida. Akwai abokinsa kuma, wanda ake yi da wake mai tsabta ba a ɗiga komai ba, don a tabbatar kwalaben da sinadaranka ba su ne suka kawo datti ba. Ɗaya yana hana ka wanke mai laifi, ɗayan yana hana ka ɗora wa mara laifi. Ni ba wanda na yi a cikinsu.

17/
Toh, na koma gida da kula cike da ƙanƙara da wankakkun kwalaben gilashi masu murfi. Daga nan zan bi da ku mataki-mataki yadda ake yi, don tun ran gini ran zane.

18/
Na farko, ɗiba. Mai miya ba ta ɗanɗana gishiri sai ta juya tukunya. Magani ba ya bazuwa daidai a buhu, wani wajen ya jiƙe, wani ko ɗigo bai samu ba. Bakin buhu kuma da ake buɗewa kullum shi ya fi shan iska. Wato daidai inda ya fi ƙarancin magani, nan na sa hannu.

19/
Na aro ƙarfen nan mai kogo da 'yan kasuwa ke soka buhu da shi. Na ɗebo sama, tsakiya, ƙasa, gefe da gefe, na gauraya, na auni kilo 1. In kaya da yawa ne, ƙa'idar Codex ta ce: ƙasa da kilo 50 a ɗiba daga wuri 3, daga 50 zuwa 500 wuri 5, sama da 500 wuri 10.

20/
Na biyu, ajiya. DDVP ɗan gudun hijira ne, yana tashi ya bi iska, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Shi ne ma warin da Umma take ji. Don haka kwalba a rufe gam, cikin sanyi, ba rana, a kai ɗakin gwaji da wuri. In ba ranar za a yi ba, a saka a firiza.

21/
Na uku, niƙa. Giram 5 kacal za a gwada daga kilon nan, don haka dole garin ya yi laushi ya gaurayu yadda kowane cokali zai wakilci buhun. Muka sanyaya waken tukuna, muka niƙa kaɗan-kaɗan ana hutawa don kada inji ya ɗau zafi. Manyan ɗakunan gwaji da busasshiyar ƙanƙara ta iskar kabon suke niƙawa.

22/
Na huɗu, tatsa. Hanyar da aka fi bi a duniya yanzu sunanta QuEChERS, ana furta shi kamar “kecas”. An haɗa sunan daga farkon kalmomin Ingilishi shida masu nufin sauri, sauƙi, araha, inganci, juriya da aminci. Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu suka fitar da ita a Amurka a 2003.

23/
Kafin ita, ana ƙarar da sinadari kwalba-kwalba da wuni guda a kan 'yan samfura. Ita kuwa a bututu ɗaya mai cin mililita 50 ake kusan gama komai. Tumatir ko alayyahu, giram 10 ake aunawa don suna da ruwansu. Busasshen abu kamar wake ko masara, giram 5, a zuba masa ruwan sanyi mililita 10, a bar shi ya jiƙu.

24/
Wannan ruwan shi na tsallake. In garin bai jiƙu ya kumbura ba, sinadarin tatsa ba ya ratsa shi sosai, maganin da ya shige ciki ya yi zamansa. Duk macen da ta taɓa surfa wake ta san ba a cire masa riga a bushe. Ni da digirina na manta.

25/
Sai a zuba wani ruwa da ake kira asitonaitiril, mililita 10, a rufe a girgiza minti 1 da ƙarfi. An zaɓe shi ne don yana kwaso magungunan ƙwari iri-iri, amma ba ya kwaso mai da furotin da yawa. Matsalar kawai, yana gauraya da ruwa, ba ka gane wannan daga wancan.

26/
Anan gishiri yake shigowa. Magneziyam salfet giram 4, gishirin girki giram 1. Na farkon yana zuƙe ruwa, har bututun ya yi ɗumi a hannunka, in ba ka girgiza nan take ba ya dunƙule kamar siminti. Gishirin yana tilasta ruwa da asitonaitiril su rabu, maganin ya bi asitonaitiril.

27/
Sai a saka a injin da ke wulwula bututu da gudu, minti 5. In ka ciro za ka ga hawa-hawa: gishiri da ruwa a ƙasa, ƙullun wake a tsakiya, wani garai-garai a sama. Na saman nan muke so. Baba ya ce in ka ga bai rabu da kyau ba, kada ka lallaɓa, ka sake.

28/
Na biyar, tsarkakewa. Ruwan saman ya taho da 'yan rakiya: suga, mai, launi. In ka kai su na'ura suna ɓata ta, kuma suna iya danne alamar maganin ko su kumbura ta. Sai a ɗebi mililita 1 a zuba a kan wata farar hoda, PSA, miligiram 25, da magneziyam salfet 150. Ita take kama suga da wasu asid.

29/
In abu mai maiƙo ne kamar gyaɗa ko riɗi, a ƙara hodar C18. In kore ne shar kamar zogale, a ƙara baƙar hodar kabon ta ɗauke launin. Amma da hankali, don baƙar hodar tana riƙe wasu magungunan ma. Ka cika tsafta, ka wanke har abin da kake nema.

30/
Duk wannan aikin ne kafin na'ura ta ga ɗigo ɗaya. Muka saka na Umma tare da gwajin shaida da na wake mai tsabta. Shaida ta dawo daidai. Mai tsabta ya fito fes. Na Umma kuwa, DDVP ya miƙe a allon kwamfuta, ya ninka iyakar nan ta 0.01 sau da yawa. Buhu ɗaya ne fa, sakamako biyu.

31/
Ashe hancin Umma ya fi gwajina na farko gaskiya. Cikin ikon Allah ba yaron da ya kwanta. Jiƙawa da surfe da wanki da suya suna rage irin wannan maganin sosai. Amma ragewa ne, ba kowane magani ke tafiya haka ba, kuma ba ka san me aka gauraya aka zuba ba. Kada wani ya ce na ce a wanke a ci.

32/
Ku riƙe wannan kuma: “ba a ga komai ba” yana nufin ba a ga abin da aka NEMA ba. Gilaifoset da farakwat, magungunan ciyawa, ba sa bin asitonaitiril, hanyarsu daban. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhu ana ce mata bom, iskar fosfin take saki, ita ma gwajinta daban. Takarda ɗaya ba ta wanke komai da komai.

33/
Saura Kawu. Umma ta ce ni zan je, tunda ni na tono. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani a hankali. Ya ce, “Yanzu ni zan ba 'yar'uwata guba? Boko ya yi maka yawa. Kowa a kasuwar nan haka yake yi, wa ya mutu?” Na ce, “Kawu Allah Ya huci zuciyarka, ban ce da gangan ba ne.”

34/
Daga baya ya faɗa wa Umma gaskiya: yaran sito duk sanda suka ga ƙwaro sai su ƙara yayyafawa, na ƙarshe bai fi mako biyu ba kafin ya aiko mata. Kuma ni ban ga Kawu a matsayin mugu ba. Jarinsa gaba ɗaya yana cikin buhunan nan. In ƙwaro ya ci, ya tashi ba komai.

35/
Umma ta ƙi mayar da buhun. Ta ce in ya koma wata za a sayar wa. Aka ajiye shi aka yi iri da damina, ita kuma ta biya kuɗinsa cif, a hankali, daga cinikin da ba shi ya kawo ba. Wata biyu Kawu ba ya taka gidanmu. Zumunci ya ɗan girgiza wallahi.

36/
Abin da ya shirya mu buhun PICS ne, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi daga binciken da aka fara a arewacin Kamaru. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowane hawa gam, ƙwarin suna cinye iskar ciki su mutu. Ba magani. Na saya masa 5 daga alawus ɗina. Bana shi ya sayi nasa.

37/
Bari in taɓa ruwa kaɗan, don darasin ɗaya ne. Wani abokina ya kawo min ruwan rijiyar garinsu da ke bakin fadama, inda masu feshi ke wanke tankunansu. A robar lemo, ya kwana biyu a but ɗin mota. Na ce masa ba zan karɓa ba. Ya ji haushi. Na ce na taɓa yi, na san ƙarshensa.

38/
Ruwa ana ɗiba a kwalbar gilashi mai duhu, lita 1, don wasu magungunan suna liƙewa a jikin roba, wasu haske yana lalata su. A sanyaya zuwa digiri 4, a kai cikin 'yan kwanaki. Iyakar Turai a ruwan sha maikirogiram 0.1 ce a lita ga kowane magani. Wato giram 1 a lita miliyan 10.

39/
Abu mai wannan ƙanƙanta sai an tattaro shi. Ana bi da litar nan a hankali ta wani ɗan bututu kamar sirinji mai hodar C18 a ciki. Ruwa ya wuce, magani ya maƙale. Sai a wanko shi da ɗan sinadari, a busar da iskar naitirojin har ya koma mililita 1. An tattara shi ninki 1,000 ke nan. In ka yi gaggawa, ya bi ruwa ya wuce.

40/
Don haka duk sanda aka nuna muku takarda a intanet, “an gwada, ba komai”, ko “an gwada, guba ce”, ku tambaya: wa ya ɗibo, daga wuri nawa? A me aka ajiye, kwana nawa? Waɗanne magunguna aka nema? An yi gwajin shaida? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayoyin nan ba.

41/
In kuma wani ya ci abu ya fara dalalar yawu, gumi, amai, gudawa, numfashi yana wuya, ƙwayar ido ta ƙanƙance, a wuce asibiti kai tsaye, a tafi da ragowar abincin. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai dole.

42/
Ɗalibai masu shirin rubuta aikin kammalawa a kan wannan, don Allah ku ba wa ɗiba da niƙa da tatsa lokacin da kuke ba wa na'ura. Na san hoto a gaban GC-MS ya fi daɗin ɗorawa. Amma a ƙarshen lambar da za ku rubuta akwai mai cin abincin.

43/
Baba ya yi ritaya bara, Allah Ya saka masa da alheri. Umma na nan tana suyarta. Har yau in sabon buhu ya zo sai ta buɗe ta shinshina da kanta, in ta ga ƙwaro ɗaya-biyu ta ce alhamdulillahi. In na ce in ɗiba in gwada mata, sai ta ce, “To, amma ka ɗebo har ƙasa.”

Ku tura wa duk wanda kuka san yana ajiyar hatsi. Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Ƙarshe.